Filin Tambaya da Amsa: Tun da Na Ƙara wa Kwamfuta Gudu, Gem Yake Cijewa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni matashi ne daga wani ƙauye da ke tsakanin Ringim da Taura a Jihar Jigawa. Ina da ɗan shagon gem a bakin kasuwarmu, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, babu silin. Da kaka na sayar da riɗin da na noma, na haɗa da kuɗin adashi, na shiga Kano na haɗo kwamfuta ta hannu. Furosesar Intel ce i5-6600K a kan bod Z170, ram guda ɗaya mai 8GB, katin hoto RX 580 mai 8GB, had dis mai 1TB, sai fawa-fak, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, da aka rubuta 500W a jikinsa. Talabijin nake jona mata.

Wani abokina ya ga yadda ake obakulok a YouTube, wato ƙara wa kwamfuta gudu fiye da yadda kamfani ya saita, muka shiga BIOS, shafin saitin bod, muka ɗaga furosesar zuwa 4.6GHz da boltej 1.38, muka kuma ƙara wa ma'adanar katin hoton gudu da manhajar MSI Afterburner. Duk tsawon sanyi ba mu ga komai ba sai alheri. Amma tun da bazara ta kama, FC 24 da GTA V suke cijewa. Ɗan wasa zai ɗauko ƙwallo, sai hoto ya tsaya cak na ƙiftawar ido, sannan ya fizga gaba, kafin ka ankara an ƙwace. Abin da ya ɗaure min kai, lambar da ke ƙirga hotuna a kusurwa tana nuna 70 zuwa 80. Da safe da sauƙi. Daga azahar zuwa la'asar ya fi tsanani, musamman in an yi kamar minti 20 ana bugawa. Ƙaramin janareta nake tayarwa, maƙwabcina mai firjin lemo kuma yana jonawa a jikinsa. Yara sun fara barina suna komawa wurin mai PS4. Abokina ya ce mu ƙara boltej, wani kuma ya ce katin ne ya mutu, in sayi wani. Malam, wanne zan bi?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa wa sana'a albarka. Kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu. Ƙarin boltej a halin da kake ciki ƙarin zafi ne, yana kuma rage wa furosesa kwana. Katin da yake ba ka hoto 70 zuwa 80 kuwa bai mutu ba. Rabin amsar ma kai ka rubuto ta da hannunka: da sanyi lafiya, da bazara matsala, da safe sauƙi, da azahar tsanani, kuma sai an ɗan jima ana bugawa. Duk cutar kwamfutar da ke bin rana haka, zafi nake fara tuhuma.

Bari in fara warware maka abin da ya ɗaure maka kai. Lambar nan ta kusurwa tana faɗa maka hotuna nawa aka zana a daƙiƙa guda, ba ta faɗa maka yadda aka jera su ba. Gem mai tafiya sumul a kan hoto 60 yana fitar da kowane hoto cikin milisakan 16.7, ɗaya bayan ɗaya, ba ragi ba ƙari. To a ce kwamfutarka ta zana hoto 75, kowanne cikin milisakan 12, sannan guda ɗaya ya ci milisakan 100. Daƙiƙa ta cika, lamba za ta nuna 76, amma yaron da ke riƙe da hannun gem ya ga wannan guda ɗayan da idonsa, kuma a cikinsa aka ƙwace masa ƙwallo. Ka san injin ban-ruwa idan ya shaƙi iska a fadama: ya tofo ruwa da ƙarfi, ya ɗauke, ya sake tofowa. In aka auna ruwan da ya fitar a awa guda sai a ce yana aiki, amma mai riƙe da tiyo ya san da matsala.

Saboda haka ka daina kallon waccan lamba. Afterburner ɗin da kake da shi yana zuwa tare da RivaTuner Statistics Server. Shiga saitinsa, a shafin Monitoring ka sa alama a kan Frametime, ka zaɓi ya fito a matsayin zanen layi a kan gem. Ka ƙara da zafin furosesa da gudunta da nauyin da ke kanta, da yawan ram da ake ci, da zafin kati da gudunsa. Ka kuma sauko da HWiNFO64, mai nuna zafi da gudun kowane sashe, kyauta ne, ba ya cin data. Layin nan in ya kwanta a miƙe, lafiya ke nan. Duk sanda gem ya cije za ka ga ya yi tsini sama. Aikinka shi ne ka ga wace lamba ce ta motsa daidai lokacin da tsinin ya fito.

Ga abin da nake kyautata zaton za ka gani. Wutar da furosesa ke ci duk zafi take komawa. Tana ƙaruwa daidai da gudun da ka ƙara, amma ta fuskar boltej abin ya fi muni, domin boltej sau kansa ake ninkawa a lissafin. Furosesarka iyakar gudunta daga kamfani 3.9GHz ne. Mu ɗauka tana yin hakan a kan boltej 1.2 ko kusa da haka. Da kuka kai ta 4.6 a kan 1.38, gudu ya ƙaru da kusan kashi 18 cikin 100, zafi kuwa ya ƙaru da fiye da kashi 50. Intel ta fitar da 6600K a shekarar 2015 da ma'aunin wat 91, kuma ba ta sa fanka a kwalinta ba, ta bar wa mai saye ya nemi babba da kansa. Masu haɗa kwamfutar hannu sukan ɗora mata ɗan zagayayyen fankan nan da aka yi wa furosesa mai wat 65, don shi ne mai arha kuma ramukan sun dace. Buɗe murfin akwatinka ka duba. In shi ka tarar, ba sai mun yi nisa ba.

Furosesar nan idan ta doshi digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, ta ɗan huce, ta sake hawa, ta sake faɗowa. Kowace faɗowa tsini ɗaya ce a layinka. Akwai kuma ƙananan sassa da ke kewaye da ita a jikin bod, masu sauke wutar bolt 12 zuwa ɗan abin da take sha. Su ma suna zafi, kuma a bod mai arha ba su da ƙarfen sanyaya na kirki. In sun galabaita, sai ka ga gudu ya faɗo har 800MHz na ɗan lokaci alhali zafin furosesar bai wuce 80 ba. Wannan yana ruɗa mutane sosai. A HWiNFO64 ka nemi layin Thermal Throttling, in ya taɓa nuna Yes ko sau ɗaya, magana ta ƙare. In bai nuna ba amma gudu yana faɗowa, to waɗancan sassan ne.

Mutumin da kuka kalla a YouTube ba ƙarya ya yi muku ba. Ɗakin da yake zaune bai wuce digiri 22 ko 23 ba. Kai kuwa a watan Afrilu da Mayu iskar Jigawa tana haura 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano mara silin, ga yara goma a cunkushe. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take hura wa ƙarfe. Digiri 20 da ɗakinka ya fi nasa kusan gaba ɗaya a kan furosesarka suke hawa. Abin da ya nuna masa 78 kai zai nuna maka 98. Shi ya sa a watan Disamba da Janairu kuka ga alheri: a lokacin ɗakinka ya yi kusa da nasa.

Gobe in Allah ya kai mu ka shiga BIOS, ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka, don in Windows ya ƙi tashi daga baya ka san abin da ya canza. Sannan ka zaɓi Load Optimized Defaults, ka adana, ka fita. Buɗe Afterburner ka danna maɓallin mayar da komai asali, ka kuma cire alamar da ke sa shi ɗora saitinka duk sanda Windows ya tashi. Mutane da yawa suna mantawa da wannan, su ɗauka sun koma asali alhali katin yana nan a ɗage. Kada ka yi gwajin da sassafe. Bari sai an sauko daga sallar azahar, rana ta take, ka sa wasa ɗaya, ƙungiyoyi ɗaya, fili ɗaya, ka buga rabin awa kana kallon layin. Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo, kuma shi ne zai raba maka gardama tsakanin abokanka biyu.

Ko cijewar ta tafi ko ba ta tafi ba, akwatin nan yana buƙatar shara. Ya sha hunturu guda a bakin kasuwa. A shagona na sha buɗe akwatunan da aka kawo daga ƙauyuka in tarar ƙura ta toshe tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya har haske ba ya ratsawa, wani har da gidan zanzaro a kusurwa. Kashe ta, zare waya daga bango, fitar da ita waje. Yi amfani da bulowa ta hannu, ka riƙe kowace fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Kada ka kai ta wurin mai faci ya hura mata, iskar tankinsa tana ɗauke da danshi da maiƙo. Cire ƙarfen da ke kan furosesa, goge busasshen man da ke tsakani da tsumma mai tsabta da ɗan sifirit, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka mayar, ka tabbatar ƙafafu huɗun sun zauna daidai. Daga nan ɗauke akwatin daga ƙasa, ka ɗora a kan tebur, ka ba shi tazarar taki guda daga bango. In da hali ka sa silin, ko da na zana ne ko tabarma, domin shi zai taimaki kwamfutar da yaran gaba ɗaya. Buɗe murfi a kunna mata fankar tsaye yana da kyau a matsayin gwaji: in cijewa ta ragu, ka tabbatar zafi ne. Amma kada ka bar ta a buɗe kullum a wurin da yara da ƙura suke.

Yanzu katin. A nan zan ɗan tsaya, domin RX 580 na hannu yana da tarihi. Ya fito a 2017, kuma yana cikin katunan da masu haƙar kuɗin intanet suka fi saye. Da Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen nan, ta daina amfani da haƙa a watan Satumban 2022, sai suka zubo su kasuwa, da yawa suka iso mana nan. Irin waɗannan sun yi shekaru suna aiki dare da rana, kuma an sha canza musu BIOS ɗin cikinsu don ma'adana ta yi sauri. Kai kuma ka zo ka ƙara mata gudu a kan haka. Ma'adanar GDDR5 da ke kan katin tana da wata ɗabi'a: in ta aika bayani ya lalace a hanya, tana ganewa ta sake aikawa. Don haka in an matsa mata fiye da ƙarfinta ba lallai hoto ya farfashe ko gem ya mutu ba, sai dai a yi ta maimaita aike, lokaci yana tafiya, gem yana cijewa, mai shi kuma yana murna lamba ta hau. HWiNFO64 yana da layin GPU Memory Errors a kan wannan kati. Sifili ake so. In yana ƙirgawa sama, ka mayar da ma'adanar 2000MHz, asalinta ke nan. In a 2000 ma yana ƙirgawa, sauko da ita 1900 ka gani. Ka kuma buɗe manhajar GPU-Z, mai nuna bayanan kati, ka duba layin Shaders, wato yawan ƙananan sassan da ke zana hoto. Cikakken RX 580 yana da 2304. In ka ga 2048, to wani samfuri ne da aka yi wa kasuwar Sin, ƙarfinsa ya fi kusa da RX 570. Yana aiki lafiya, sai dai ka san abin da ke hannunka don kada ka nemi abin da ba zai iya ba. Wasu katunan suna da ɗan makunni a gefen sama mai sauya BIOS biyu. In naka yana da shi, kashe kwamfutar ka juya shi, sau da yawa ɗayan ba a taɓa shi ba.

A ra'ayina, a ƙasarmu rage wa wannan kati boltej ya fi ƙara masa gudu amfani nesa ba kusa ba. Wat 185 yake ci, kuma akasarinsu suna riƙe gudunsu na asali ko an rage musu kaɗan. Zafi ya sauka, ƙarar fanka ta ragu, janareta ya samu sauƙi. Amma wannan sai bayan komai ya daidaita.

To a ce ka koma asali, ka yi shara, zafi ya sauka ƙasa da 80, amma har yanzu akwai ɗan tsini nan da can, musamman a FC 24 ko idan ana gudu da mota cikin gari a GTA V. Wannan ba laifin obakulok ba ne, kuma obakulok ba zai taɓa gyara shi ba. Mafi ƙarancin abin da masu FC 24 suka ce a tanada shi ne i5-6600K da ram 8GB. Wato kana tsaye a bakin ƙofa daidai. Abin da suka ba da shawara shi ne i7-6700 da 12GB. Furosesarka ƙwaya huɗu gare ta, kowacce aiki ɗaya take ɗauka a lokaci guda. In ka ga dukansu sun kai 100 cikin 100, to duk wani ɗan aiki da Windows ya ɓullo da shi sai gem ya jira. Ram ɗinka kuma guda ɗaya ne, ma'ana hanya ɗaya yake bi maimakon biyu, rabin faɗin da bod ɗin zai iya. In 8GB ta cika, Windows yana juye ragowar a kan had dis, shi kuwa had dis faifai ne mai juyawa da allura, ya fi ram jinkiri nesa. Kowace juyewa cijewa ce.

Don haka kuɗin da aka ce ka sayi kati da su, ga inda zan kai su da ni ne. Farko man sanyaya da babban ƙarfe mai fanka, in ƙaramin ne a kai. Sai ram na biyu mai 8GB, ka cire naka ka tafi da shi kasuwa don a ba ka mai gudu iri ɗaya. In bod ɗin rami huɗu ne, yawanci na biyu da na huɗu daga furosesa ake sawa, CPU-Z, mai nuna bayanan furosesa da ram, zai nuna maka Dual in ka dace. Sai SSD, ma'ajiya mara faifai da ta fi had dis sauri, ka mayar da Windows da gem ɗin da aka fi bugawa kansa, had dis ya zama ma'ajiya. In kasuwa ta yi kyau nan gaba, i7-6700 tana zama a ramin bod ɗinka ba tare da canza komai ba, kuma tana ɗaukar aiki takwas a lokaci guda.

Akwai kuma gyara ɗaya na kyauta da nake so ka yi tun yau. Talabijin ɗinka hoto 60 yake nunawa a daƙiƙa. Duk abin da ya haura 60 zafi kawai kake saya da man janareta. A RivaTuner ka rubuta 60 a Framerate limit, ko ka kunna V-Sync a cikin gem. Furosesa da kati za su samu sararin numfashi tsakanin hoto da hoto, layin zai kwanta. Ka leƙa saitin allo na Windows ma, domin wasu talabijin suna sa shi ya zaɓi 50Hz ko 30Hz da kansa. A kan 60 ake so.

Maganar janareta da firji. Ba zan ɗora musu cijewar ba, domin raunin wuta ya fi sa kwamfuta ta mutu farat ɗaya ko ta sake tashi da kanta, ba cijewa ba. Amma haɗin yana da haɗari. Duk sanda injin firji ya tashi yana fizgar wuta ninkin abin da yake ci, ƙaramin janareta ya durƙusa, sannan ya zabura, fawa-fak ɗinka ne yake shan wannan dukan. Furosesa da kati kaɗai wat 276 ne a asalinsu, da obakulok sun haura 300 da nisa. AMD ta ce a tanadi 500W, amma 500W na gaskiya take nufi. In naka ba shi da sunan kamfanin da aka sani, ka ɗaga shi ka ji shafal, waya ɗaya siririya ce ke zuwa kati ko ma da jone aka haɗa, kada ka yarda da rubutun jikinsa. Kuma kada ka kwance shi don ka leƙa ciki, yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare. Ku zauna da maƙwabcinka cikin mutunci ku raba layi ko ku raba lokaci. Janaretan kuma ya zauna waje can nesa da taga, hayaƙinsa yana kashe mutane a ɗaki ba tare da sun ji wari ba, kai kuwa 'ya'yan mutane ne a hannunka.

Za ka iya komawa obakulok? Za ka iya, amma ni ban ga amfaninsa ga kwamfutar sana'a mai aiki tun hantsi har dare a talabijin mai 60 ba. In ranka ya nace, ka bari sai an samu babban ƙarfen sanyaya, ka taɓa abu ɗaya kawai a lokaci guda, ka hau da 100MHz, ka gwada da manhajar gwaji irin OCCT ko Cinebench da tsakar rana, sannan ka buga gem na awa guda. Zafi kada ya wuce 85. Ka riƙa leƙa Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru, in ka ga WHEA-Logger yana rubuta kurakurai, ka sauko mataki ɗaya ko da komai yana kama da lafiya. BIOS ɗin Z170 da yawa yana barin ka adana saiti fiye da ɗaya, sai ka ajiye na hunturu daban, na bazara daban. Ka rubuto min abin da layin ya nuna bayan gwajin azahar ɗin.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ɗalibi ne ni, gidanmu a wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Sumaila. Ina da Ryzen 5 3600 a kan bod B450, ram biyu masu 8GB da na kunna wa XMP, saitin ƙara wa ram gudu, a 3600, da Windows 11. Sola muke amfani da ita. Zafi bai taɓa wuce 72 ba. Amma lokaci zuwa lokaci komai yana tsayawa na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sauti ya yi ƙara kamar mutum-mutumi, linzami ya ƙi motsi, sai ya dawo. Ko bidiyo nake kallo yana yi. Ban taɓa furosesa ba.

AMSA

Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Taka ba ta zafi ba ce, kuma abu biyu nake zargi.

Na farko sananne ne. Windows 11 yana buƙatar wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, a kan Ryzen kuwa wanda ke cikin furosesa ake kunnawa, ana kiransa fTPM. A watan Maris na 2022 AMD da kanta ta sanar cewa a wasu kwamfutocin wannan yana sa komai ya ɗan tsaya jefi-jefi, irin yadda ka kwatanta, har da sautin. Maganin ya zo a sabon BIOS mai ɗauke da AGESA 1.2.0.7. CPU-Z zai nuna maka wane BIOS kake kai da ranar fitarsa. In ya girmi tsakiyar 2022, je shafin kamfanin bod ɗinka ka sauko da na daidai samfurinka, harafi da harafi. Ina roƙonka ka kiyaye abu biyu. Kada ka fara sabunta BIOS sai da rana tsaka, batiran sola a cike, an cire firji da dutsen guga daga inbata, domin in wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin bod ɗin zai iya ƙin tashi gaba ɗaya. Sannan in BitLocker, mai kulle bayanan kwamfuta a Windows, a kunne yake, ka rubuta makullinsa mai lamba 48 a takarda ko ka dakatar da shi tukuna, in ba haka ba za ka iya tarar da kanka a kulle a waje da duk aikin makarantarka a ciki.

Na biyu, ka ce ba ka taɓa furosesa ba, amma XMP shi ma obakulok ne. Abin da AMD ta lamunce wa wannan furosesa shi ne DDR4-3200. A 3600 hanyar da ke haɗa sassan cikinta, wato Infinity Fabric, tana hawa 1800MHz. Akasari suna ɗauka, wasu ba sa ɗauka, kuma alamar wadda ta kasa ita ce ƙarar sauti, ɗaukewar USB, da WHEA-Logger lamba 19 a Event Viewer. Wannan ya fi sauƙin gwadawa, don haka fara da shi: bar XMP a kunne amma ka sauke gudun zuwa 3200, ka yi kwana biyu ko uku a haka. Ka kuma sa MemTest86, mai gwada ram, a filashi ya zagaya sau huɗu. Kuskure ko ɗaya ne, ram ɗin bai zauna ba. Bambancin 3200 da 3600 a gem kaɗan ne, da wuya idonka ya gani.

TAMBAYA

Malam, daga wani ƙauye kusa da Dambatta nake. Na ɗan ƙara wa katina GTX 1660 Super gudu. In ina buga eFootball da mutane ta intanet, musamman bayan isha'i, 'yan wasa suna tsalle daga wuri zuwa wuri, in danna fasin sai daga baya ya tafi. Katin ne?

AMSA

Da wuya, ɗan'uwa. Buga da kwamfuta ba tare da intanet ba na rabin awa. In sumul yake, katinka ba shi da laifi, sabis ne. Bayan isha'i kowa a gari yana kan waya, turken sabis guda kuke rabawa. Cijewar kwamfuta hoto ne ke tsayawa gaba ɗaya, ta sabis kuwa hoto yana tafiya amma 'yan wasa suna ɓacewa su ɓullo a wani wuri. Jona wayar ko ɗan akwatin sabis ɗin da wayar USB maimakon Wi-Fi, ka rataye shi a taga ta ɓangaren turken, domin kwano yana tare sigina. A Windows ka sa layin a matsayin Metered connection, ka dakatar da Steam daga saukar da komai lokacin wasa. In kuma ka lura gem yana ɗan cijewa a wasan farko bayan ka sabunta direban kati, sannan ya daidaita a na biyu da na uku, wannan shirya hotuna yake yi yana adanawa, kada ka taɓa komai. Gwada buga wasan intanet ɗin da safe bayan asuba ka kwatanta da na dare.